Bangon da yara biyu za su iya ɗauka: yadda nake haɗa dandamalin wasan kwaikwayo a makaranta

Shekarar da aka damƙa mini ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu a nan Kano, Hausa kawai nake koyarwa, ban taɓa riƙe zarto da niyyar aiki ba. Wasan da muka shirya domin bikin yaye ɗalibai yana buƙatar ɗaki da zaure. Na sa aka samo fallayen silin guda uku, muka jingina su da bencina, muka ɗaure da igiya, muka shafa fenti. Ana cikin fitowa ta biyu, yaron da ya fito a mai gida ya fizgi labulen ƙofa cikin fushi kamar yadda wasa ya nema, sai bangon ya taho gaba ɗaya. Allah ya tsare, gefen kafaɗa kawai ya goge shi. Har yau ina jin ƙarar faɗuwar nan da salatin da iyaye mata suka ɗauka.

Washegari na tafi wajen wani dattijon kafinta a unguwarmu. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, so nake ka koya mini yin bangon da ba gini ba." Ya ajiye abin da yake gogewa ya ce, "Malam, su wa za su ɗauke shi?" Na ce yara. Ya ce, "To abin da yara biyu ba za su iya ɗagawa ba, kada ka ƙera shi. Wanda kuma yaro ɗaya zai iya turewa, kada ka tsayar da shi." Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan maganar ya tsiro.

Kafin ka taka kasuwar katako, ka zauna da wasan da fensir. Ka bi shi fitowa bayan fitowa, kana rubuta abu uku: ina abin yake faruwa, ta ina ake shiga da fita, da me ake taɓawa da hannu. Za ka yi mamakin ƙanƙantar abin da wasa yake buƙata da gaske. Fada ba ta son komai face kujera mai tudu, da kilishi, da bango mai Dagin Arewa. Kasuwa teburi biyu ne da rumfar zana. Kotu teburi ne da akwatin tsayuwar mai shaida. Duk abin da ba a taɓa shi ba, ba a shiga ta cikinsa ba, bai kuma gaya wa mai kallo inda ake ba, kaya ne kawai da yara za su yi ta ja a cikin duhu. Na sha soke taga da gado da kabad a wannan zaman, ban taɓa yin nadama ba.

Daga nan ka auna wurin da kanka. Kada ka yarda da "ai zai kai ƙafa ashirin". Faɗin dandamali, zurfinsa, tsawon rufi, da faɗin ƙofar da za a shigo da kaya ta cikinta, wannan ta ƙarshe ita aka fi mantawa. Sannan ka je ka zauna a kujerar ƙarshe ta dama a sahun gaba, ka sa yaro mai farar hula ya riƙa yawo a kan dandamali. Duk inda hular ta ɓace maka, a ja layi da alli. Ka koma ƙarshen hagu ka sake, ka koma can sahun baya ka sake. Filin da ya rage a tsakiyar layukan nan shi ne inda kowa yake gani, nan za a yi duk wani abu mai muhimmanci. Wannan zaman ne zai nuna maka dalilin da ya sa ba a tsayar da bangon gefe a miƙe sak kamar na ɗakin gaske. Buɗe shi ake yi waje kamar littafin da aka buɗe, don na gefe su ga ciki.

Ni ba na fara yanka sai na yi ɗan ƙaramin samfuri da kwali. Inci 1 a madadin ƙafa 2. Allon bango mai ƙafa 4 da ƙafa 8 sai ya zama ɗan kwali mai inci 2 da inci 4, mutum kuma ɗan ƙasa da inci 3. Yara suna son wannan aikin ƙwarai, kuma a nan ake gardamar da ta kamata a yi. Matsar da ƙofa a kwali minti ɗaya ne. Matsar da ita bayan an buga ƙusa yini ne da asarar katako.

Yanzu ga allon bango, wanda shi ne ƙashin bayan aikin duka. Firam ne na katako da aka rufe fuskarsa da filawud ko yadi. Girman da na tsaya a kai ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsaye, saboda haka fallen filawud yake zuwa daga kamfani, ba sai ka yanke komai ba. Katakon firam kuwa tu-bai-tu, wato mai kaurin inci 2 da faɗin inci 2, wanda ake sayarwa mai tsawon ƙafa 12. Lissafin yana da daɗi: kowane guda zai ba ka dogo ɗaya mai ƙafa 8 da gajere ɗaya. Allo ɗaya yana son dogaye biyu da gajeru uku, na sama, na ƙasa, na tsakiya. Ke nan katako bakwai za su yi maka allo uku, shida a yanka kamar yadda na faɗa, na bakwai a raba shi uku. Da allo shida za ka yi kusan kowane wasan makaranta: uku a baya, ɗaya cikinsu mai ƙofa, sauran a gefe.

Ka je kasuwar da kanka, ko 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo, kada ka yi aike. Ka ɗaga kowane katako ka kanne ido ɗaya ka dubi tsawonsa. Wanda ya lanƙwashe ko ya murɗe, mayar. Wanda ya yi nauyi fiye da 'yan'uwansa ɗanye ne, zai karkace bayan sati biyu ya ja allon duka ya karkace da shi. Mai yawan ƙulli kuma a nan yake karyewa. Mai sayarwa zai ga kana ɓata masa lokaci, ka ba shi haƙuri ka ci gaba da zaɓe. Idan da hali a goge maka su a inji a can, don sartse ba ya tausayin hannun yaro.

Wajen yanka gajerun akwai kuskuren da kusan kowa yake yi a karon farko. Gajeren yana shiga tsakanin dogaye biyu ne, saboda haka tsawonsa ba ƙafa 4 cif ba ne, ƙafa 4 ne a cire kaurin dogayen biyu. Kuma kada ka ɗauka tu-bai-tu inci 2 ne daidai, musamman bayan an goge shi. Ka haɗa dogayen biyu gefe da gefe, ka auna kaurinsu, ka cire. Ka yanka ɗaya, ka gwada a kan fallen filawud, in ya zauna sai ka mai da shi ma'aunin sauran.

A ƙasa ake haɗawa, a kan siminti marar tudu da kwari. A shafa gam ɗin katako a kowace mahaɗa, a buga ƙusa mai inci 3 guda biyu, ko sukuru in akwai injin ɗaurawa. Sukuru ya fi, domin ana kwance shi ba tare da an tsaga katako ba. Kafin a ɗora fuska, a tabbatar firam ɗin bai gurguce ba. Dattijon nan ya koya mini hanyar da ba ta buƙatar sukwaya, wato ma'aunin kusurwa na kafinta: ka ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta a karkace, sannan ka ja ɗaya ɓangaren. In awo biyun sun zo ɗaya, firam ya daidaita. A allo mai 4 da 8 za ka samu ƙafa 8 da inci 11 da 'yar ɗoriya. In ɗaya ya fi, yaro biyu su matsa doguwar kusurwar a hankali har su yi daidai. Malamin lissafinmu ya taɓa tarar da mu a kan wannan, ya tsaya ya nuna wa yaran cewa darasin alwatika da suke gudu a aji ne suke yi da hannunsu. Tun daga ranar nake gayyatarsa.

Fuska iri biyu ce. Filawud mafi siranta, kwata inci ko ƙasa da haka, shi ne zaɓina ga duk allon da za a jingina da shi ko a rataya masa agogo. A shafa gam a firam, a ɗora, a bi da ƙananan ƙusoshi masu inci 1, tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu. Kada ka sayi mai kauri don ganin ya fi ƙarfi, nauyi kawai ka saya. Ɗaya hanyar ita ce yadin akoko, wanda za ka samu a Kantin Kwari. Ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, yarinya ɗaya ma tana iya ɗaga allon. Amma yana da sharuɗɗa. Tun da babu filawud da zai riƙe firam, sai an yanka ƙananan alwatika na filawud an buga a kusurwoyi huɗu ta baya. Kuma kada a ja yadin ya yi tsam lokacin bugawa, a bar shi da ɗan sassauci, domin idan ya sha fentin farko zai tsuke da kansa ya ɗaure kamar fatar kalangu. Wanda aka ja da ƙarfi tun farko, in ya tsuke sai ya murɗe firam ko ya yage a bakin ƙusa. Haske kuma yana ratsa yadi, tocilar wanda ke bayan fage za ta bayyana ga 'yan kallo, don haka nake liƙa kwali a bayansa.

Silin da na fara da shi ban ƙara amfani da shi ba. Yana karyewa a kusurwa, ba ya riƙe ƙusa, ba ya jure ɗauka da saukewa.

Tsayar da allon shi ne wurin da nake so mai karatu ya fi nutsuwa, don a nan na yi kuskuren da ya kusa raunata ɗan mutane. Kowane allo yana da matokari a bayansa. Alwatika ce ta katako: ɗaya a tsaye mai ƙafa 6, ɗaya a kwance mai ƙafa 3, na uku ya haɗa bakinsu a karkace. A manna tsayayyen a jikin firam da hinji biyu, yadda za a iya naɗe shi in za a ajiye. Matokari shi kaɗai yana hana allo faɗuwa baya ne kawai. Abin da zai hana shi kifawa gaba, kan 'yan wasa, shi ne nauyin da aka ɗora a kan ƙafar da ke kwance. Buhun siminti da aka zuba wa yashi rabi, a ɗaure baki, a ɗora biyu. Ko jarka mai lita 25 cike da ruwa, kilo 25 ke nan, a ɗaure ta da igiya a jikin katakon. Ina son jarka domin ana kawo ta wayam a cika a wurin, sai dai ba na ajiye ta kusa da wayar wuta. Bulo da dutse ba na yarda da su, suna zamewa, suna kuma fasa yatsan ƙafa a duhu.

Bayan an tsayar, sai gwaji. Ina kiran yaron da ya fi kowa ƙarfi a ƙungiyar in ce ya tura bangon daga baya da kafaɗa, ya ja shi daga gaba, ya jijjiga. In ya motsa fiye da ɗan kaɗan, a ƙara nauyi. Idan a fili za a yi wasan, musamman da hunturu, a ninka nauyin, a kuma ɗaure saman alluna da igiya zuwa turaku ko ginshiƙi. Allo mai ƙafa 8 a gaban iska tamkar tabarmar da aka shanya ce, iska ba ta raina shi.

Haɗa allo da allo kuwa da hinji nake yi ta baya, biyu a kowace mahaɗa. Ga dabarar: ka buge sandar da ke tsakiyar hinjin ta fita, ka maye gurbinta da ƙusa mai inci 4 da aka lanƙwasa kanta. Zare ƙusa, alluna sun rabu. Mayar da ita, sun haɗe. Yaro yana yi da hannu ɗaya a cikin duhu. Tsagar da ke tsakanin alluna biyu da ba za a raba su ba, a rufe ta da zirin akoko mai faɗin yatsa huɗu da aka jiƙa da gam, in fenti ya hau ba mai gane akwai mahaɗa.

Ƙofa: a bar rami mai faɗin ƙafa 2 da rabi, tsawo ƙafa 6 da rabi, a kewaye shi da katako. Shawarata kada a sa ƙyaure. Duk lokacin da aka rufe shi bangon duka sai ya girgiza, 'yan kallo kuma su tuna katako suke kallo. Mu Allah ya hutar da mu, ɗakin Bahaushe labule ne ko asabari a bakinsa. Amma a rataya labulen a kan sanda mai zobba yadda zai zame in an ja, kada a kafe shi da ƙusa a jikin allo. Ƙusar nan ce ta jawo mini bango. Bayan ƙofar kuma a tsayar da zana ko wani ƙaramin allo, don in an ɗaga labule kada a hango yara a tsugune suna jiran fitowarsu.

Idan wasan yana da wurare da yawa, akwai tsohuwar dabara da ake dangantawa da gidajen wasan Girkawan dā. A haɗa siraran alluna uku masu faɗin ƙafa 2 su zama ginshiƙi mai fuska uku, kowace fuska da zanenta: gida, kasuwa, daji. A jera uku ko huɗu, in fitowa ta canza a juya su. Suna tsayuwa da kansu, a dai jefa buhun yashi a cikinsu.

Fenti na ruwa za ka saya, kada ka kusanci na mai. Na mai yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila ya kashe wa mutane ido, yana daɗewa bai bushe ba, warinsa kuma yana sa yara ciwon kai. Babban bokitin fari ɗaya da ƙananan launuka, ja, rawaya, shuɗi da baƙi, sun isa ka haɗa kusan duk abin da kake so. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, ba don na kusa kake fenti ba, don na sahu na goma kake yi. Bango mai launi ɗaya sumul daga nesa kwali ne. Bangon ƙasa na gaske yana da duhu a gindi inda ruwa ke fantsama, da haske a sama, da tabo. Ga yadda muke yin sa: a shafa launin jar ƙasa ko'ina, a bari ya bushe. A haɗa wanda ya fi shi duhu, a tsoma soso, a matse, a riƙa dangwalawa nan da can, a yawaita a ƙasa da kusurwoyi. A sake da wanda ya fi haske a sama. In kana son kaushi, zuba garin katako da ɗan gam a fentin farko, ka sa yara su bi da yatsu suna zana rabin da'ira kamar yadda magina ke yi a jikin yaɓe. A yanka zankwaye da kwali mai kauri a kafa a saman kusurwoyi. Da zarar zanko ya hau, ba sai an gaya wa kowa cewa gidan birni ne ba. Kowane minti goma ka ajiye soso ka taka zuwa ƙarshen zauren ka duba. Daga can ake yanke hukunci.

Kada kuma a raina kayan gida. Zana, tabarma, kara, turmi, tulu, ƙwarya, fitilar ƙwai, duk sun fi abin da za ka zana da buroshi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai gidan wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, bisa fasalin gidan Bahaushe, wanda wani Ba'amurke masanin zanen gini, Steven Ehrlich, ya tsara. Idan jami'a ta ga ƙasa da ciyawa sun isa su ɗauki wasa, makarantar sakandare ba ta da dalilin jin kunyar zana. Yaranmu ma sun iya wannan tun daga tashe, inda auduga ke zama gemu, tsumma ya zama tumbi.

Makarantar da ba ta da dandamali, ina roƙonta kada ta jera teburan aji ta shimfiɗa darduma a kai. Ƙafar yaro tana faɗawa tsakaninsu. A ƙera akwatuna masu ƙafa 4 da 8 da katakon tu-bai-fo, a sa gicciye a ciki duk bayan ƙafa 2, a rufe da filawud mai kauri uku bisa huɗu na inci. Tudun ƙafa 1 da rabi daga ƙasa ya isa. Ƙafafun akwatunan a ɗaure su da noti, a tokare su a karkace, akwatunan kuma a ɗaure su da juna. Matakala kowace hawa inci 6, wurin taku inci 11, kuma duk su zo daidai, don ƙafa tana haddace hawan farko ne ta bi shi. A ja farin layi a bakin dandamali da bakin matakala. Kafin yaro ya hau, mu malamai uku muke hawa mu yi tsalle a kai. Tsohon kafet a sama yana kashe ƙarar taku.

Haske. Ƙwan da ke rataye a tsakiyar rufi yana zuba inuwa a ramin ido, fuska ta zama duhu. Fitila daga gaba take zuwa, daga sama, a karkace kamar rabin hanya tsakanin tsaye da kwance, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, su haɗu a kan ɗan wasa. In ta yi ƙasa da yawa sai inuwar mutum ta hau bango ta yi ƙatuwa. 'Yan wasa kuma su bar taku biyu tsakaninsu da bangon baya. Fatarmu tana son haske mai ɗumi, mai ɗan rawaya. Kore da shuɗi a kan fuska suna mai da yaro kamar marar lafiya, a bar su a jikin bango. Dare ba kashe fitilu ba ne, a rage na gaba a kunna shuɗi ɗaya a baya, mai kallo zai gane, zai kuma ci gaba da ganin wasa.

Fitilun LED masu faɗi, irin na harabar gida, su nake amfani da su. Guda shida masu wat 50 wat 300 ne jimla, ƙaramin janareta zai ɗauka. Tsohuwar fitilar halojin guda ɗaya tak tana cin wat 500, ga zafin da zai iya kama zana ko labule. Wutarmu bolt 230 ce, fulogi mai fis ɗin amp 13 iyakarsa wajen wat 3000, amma 'yar siririyar wayar kasuwa ba ta kai ko kusa da haka, ka taɓa ta bayan minti goma, in ta yi ɗumi a rage mata kaya. Wayar da ke naɗe a kan gargare a warware ta duka kafin a kunna, naɗaɗɗiya zafi take tarawa. Cusa tsirarar waya a soket a tokare da tsinken ashana kuwa haramun ne a dandamalina, ko wa ya zo da ita. Haɗin wuta na mai wayarin ne, yara kunnawa da kashewa kawai suke yi. Bokitin yashi biyu da abin kashe gobara suna nan a gefen fage, kowa ya san inda suke, hanyar fita kuma ba a tare ta da kaya. Ina kuma fara wasa a kan janareta tun daga farko ko da akwai wuta, a kai shi can bayan gini inda ƙararsa da hayaƙinsa ba za su iso ba.

Sauti ba zan daɗe a kansa ba. Lasifika ta kasance a gaban makirfo, ba bayansa ba, in ba haka ba sai kukan nan mai tsinka kunne. Fallen kwanon rufi da aka girgiza tsawa ne, tsakuwa a kan faranti ruwan sama ce, kuma sun fi na waya daɗi domin yaron yana bin numfashin wasan.

Saura mutanen da za su tafiyar da duk wannan. Nakan zaɓi ɗaliba ko ɗalibi ɗaya mai nutsuwa in naɗa shi sarkin fage. Shi ke riƙe da kwafin wasan da aka rubuta wa komai a gefe da jan biro: a wace kalma fitila za ta mutu, a wace za a girgiza kwano, wa zai ɗauke kujera. Ranar wasa ko ni ba na ba da umarni a bayan fage sai ta bakinsa. Dama da hagu kuma na ɗan wasa ne yana fuskantar 'yan kallo, a tsayar da wannan tun ranar farko. Duk abin da ake ajiyewa a dandamali, a yi masa alama a ƙasa da tef, kowace fitowa da launinta. Kayan hannu, irin su carbi, wasiƙa, sanda da buta, suna da teburinsu da aka shimfiɗa wa takarda, an zagaye kowanne da biro an rubuta sunansa. Da ka kalli teburin ka san abin da ya ɓata.

Canjin fage ana gwada shi kamar yadda ake gwada magana. Ina ware yamma guda babu 'yan wasa, sai 'yan bayan fage da agogo. Kowa da abin da zai ɗauka da hanyar da zai bi, masu shiga ta dama, masu fita ta hagu. Farko da haske, sannan a duhu. Canjin da ya wuce minti ɗaya yana sanyaya 'yan kallo, surutu ya tashi, sai an sha wuya a dawo da su. Allo a tsaye ake ɗaukarsa, gefe yana gaba, mutum biyu, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa. A lissafa lokacin salla tun wajen tsara shiri, don kada Magariba ta faɗo a tsakiyar fitowa.

Dokokina a wurin aiki kaɗan ne, ba na kuma sassauta su. Takalmi rufaffe, ba silifa ba. Babbar riga a tuɓe, hijabi a soke bakinsa kada ya yi lilo kusa da zarto. Ƙusar da ta faɗi a tsince ta nan take, wadda ta leƙo ta bayan katako a lanƙwashe ta. Tsani mutum biyu ne, ɗaya a sama ɗaya riƙe. Kuma ina ba 'yan mata zarto da guduma kamar yadda nake ba maza. Yarinyar da ta fi kowa iya yanka a miƙe a duk waɗanda na koyar, shiru-shiru ce da ba ta taɓa yarda ta furta kalma ɗaya a gaban taro ba. Ranar wasa na ga ta kama hannun mahaifinta ta kai shi bayan fage tana nuna masa hinjin da ta ɗaura. Saboda irinta nake sa a karanta sunayen 'yan bayan fage da lasifika, su fito su tsaya a gaban iyaye tare da 'yan wasa.

In an tashi, a kwance komai a daren ko da sassafe, kafin 'yan ƙananan aji su mai da dandamali wurin wasansu. A fara sauke fitilu da wayoyi, sannan kayan hannu, sannan alluna. Mutum ɗaya ya riƙe allo kafin a ɗauke masa nauyi, kada a taɓa sauya wannan tsari. Ƙusoshin hinji a zuba su a gwangwani ɗaya mai murfi. Kowane allo a rubuta masa lamba a baya, a naɗe matokarinsa, a jera su a tsaye fuska da fuska, baya da baya, a kan bulo don kada su taɓa ƙasa, a kuma ɗan janye su daga jikin bango saboda gara. A rufe da leda kafin damina. Ina leƙa su sau ɗaya a kowane zango, in na ga hanyar gara a kusa sai in sa a share a zuba magani. Alluna shida da muka ƙera da dattijon nan suna nan a sito, sun sha fenti har ban san sau nawa ba, guda ɗaya kawai muka canza wa katakon ƙasa.